Injin Mai Shan Baƙin Mai

Idan aibi ne ke raya abu, wanda ya cire aibin gyara ya yi ko kisa?

Wani bakanike Bakano ne ke juya tambayar nan, ga inji ya mutu a gabansa, a garejin aro bayan titin Huanshi Lu, can ƙasar Sinawa. Injin ne marar fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa, ƙaramin famfo yana ɗiga masa baƙin mai da gangan yana ƙonewa. Tun farko, da ya kwance shi ya sake haɗawa, sabon famfon da aka samo bai zauna ba. Basinen mai garejin ya ce a yanka farantin ƙarfe a daidaita shi.

Bakaniken ya ce, "Ni? Tun daga Kano inji bai taɓa barin hannuna yana shan mai ba."

Ya toshe ramin famfon. Injin ya tashi tas, babu hayaƙi, ya ɗan zagaya unguwa ya cinye kansa don rashin mai.

Motar mai injin ta wani alhajin Maraɗi ce, jirgin ruwan da zai kai ta gida kuwa ba ya jira. Bakaniken ya sake kwancewa, ya yanka farantin, ya ɗaura famfon.

Alhaji ya tarar da shuɗin hayaƙi a salansa.

"Malam, wannan fa shan mai yake."

Akwai maganar da bakaniken ya rantse ba zai taɓa faɗa ba, don da ita macuta ke sallamar masu mota. Ya goge hannu, ya sunkuyar da kai.

"Haka aka yi shi, Alhaji."