Ragon Suna Ya Tsufa

Da guɗa Inna Delu ta faɗo gidan ɗanta Sallau, mayafi a hannu.

"Ta fito! Injin hukuma ya samo lambar jikata. Maza a kira wanzami, a ɗora tukunya."

Tun da aka kafa dokar, ba a raɗa wa yaro suna sai an samo masa lambarsa shi kaɗai, irin wadda ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ƙananan lambobin sun ƙare tun Delu tana amarya. Manyan kuwa kullum ƙara nisa da juna suke yi.

Sallau ya karɓi wayar Delu, yana ta jan lambar da yatsa, ta ƙi ƙarewa. "Inna, wallahi duk unguwar nan ba mai doguwa irin wannan."

Nan da nan gida ya cika. Aka jawo ragon suna, ya tsufa har yana ɗingishi. Maƙwabciyarsu Ladidi, mai tsohon ciki, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa, tana lissafin shekarun da nata zai jira.

Sai jaririyar ta ajiye tsintsiya, ta kama zanen Delu.

"Kaka, ina son sunan. Amma kar wanzami ya taɓa mini kitso."