Ɗakin Shuka Mai Kwaɗo

Abu Basil bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi faɗi ko tsawo ba. Abin da ya fara tambayar Mundir, mai sayar da dashe da ɗakunan shuka a bakin hanyar fita daga garin Irbid, shi ne, "Wanne ne ake sa wa kwaɗo?"

Mundir ya fara dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya dubi fuskar dattijon sai ya haɗiye sauran.

A bayan gidansa Abu Basil yana da ɗan lambu, a lambun kuma akwai tumatirin da duk unguwa ta gaji da jin tarihinsa. Mahaifinsa ne ya ƙetaro kogi da irin, ƙulle a gefen rawani, ranar da suka baro ƙauyensu. Gida ya tafi, gona ta tafi, daga baya tsohon ma ya tafi. Irin kaɗai ya rage. Duk shekara Abu Basil zai zaɓi tumatir mafi kyau, ya matse 'ya'yan, ya shanya, ya cuɗa da toka, ya ƙulle a ƙyalle. Duk ƙarshen sanyi ya shuka rami arba'in, ba ƙari ba ragi. Ko shekarar da ya yi wata huɗu kwance a asibiti ba a fasa ba, domin matarsa Ummu Basil ta tsaya a kai.

Bara ne abin ya faru. Wani tsiro ya fito a karkace, ya ɗaura masa jan zare don ya riƙa dubawa. Ya tafi sallar Juma'a, ya dawo, babu zare, babu karkataccen tsiro. Wani miƙaƙƙe ne a wurin, ƙasar gindinsa sabuwar tonawa.

Bai wahala wajen neman ɓarawo ba. Maƙwabcinsa Abu Firas, wanda suka shekara talatin suna shan gahawa tare, shi ke riƙe da makullin ƙofar lambun na biyu. Sau uku yana roƙon irin ana hana shi, kuma ran nan ba a gan shi a masallaci ba.

Abu Basil bai yi masa faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Da matar Abu Firas ta aiko musu da dafaffen ganyen inabi, sai ya sa aka mayar da farantin wayam. A unguwar kuwa ba a mayar da faranti haka, ko ƙwayar zaitun biyar ce sai ka ɗora. Abu Firas ya gane. Washegari ya jefo makullin ta kan katanga, kuma tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Da tumatirin ya nuna, bai bambanta da na kullum ba. Abu Basil ya ce ai maci amanar bai samu ya kwashe duka ba ne. Amma baƙin cikin bai sake shi ba, yakan ajiye cokali ana tsakiyar cin abinci ya ce, "Shekara talatin, Ummu Basil. Talatin!"

Ita kam ta sha kuka a kan farantin nan. Ta roƙe shi ya bar wa Allah. Da ya kawo maganar ɗakin shuka ta ce ɓarnar kuɗi ce. Da ta ga ba zai fasa ba, ta ce to a tafi Amman, na can sun fi inganci. Ya ce ba zai ƙona mai a banza ba. Suna isowa wurin Mundir ta ce kanta na sarawa, ta zauna a mota, ta ja mayafi har goshi.

Mundir ya zagaya da Abu Basil. Ga rumfar leda, mai arha, amma shekara biyu iska ta yage ta.

"Wannan ko da farce ana shiga," in ji Abu Basil.

Ga na gilashi, ya yi kyau sosai, sai dai da bazara dafa shuka yake yi, kuma dutse ɗaya ya ishe shi. Can ƙarshe akwai wani na roba mai kauri, ƙashinsa na ƙarfe, da taga a sama da ƙofa ta gaske. Abu Basil ya kama ƙofar ya jijjiga da ƙarfinsa duka. Ba ta motsa ba.

"Kawu, in kana son dashe ma akwai," in ji Mundir. "Tumatir ja jawur. Sai dai kada ka ajiye 'ya'yansa, irin kamfani ne. In ka shuka su baɗi, kowanne da kamarsa zai fito. Shi ya sa masu saye suke dawo mini duk shekara."

Abu Basil ya dube shi sheƙeƙe. "Ɗana, ni irin ubana nake shukawa. Wannan naku ko akuya ba zan ba."

Ya biya. Ya zaɓi kwaɗo mafi nauyi, ya cire makulli ɗaya daga zoben, ya mayar wa Mundir da ɗayan ya ce a jefar. Daga yau babu hannun da zai sake taɓa arba'in ɗin nan sai nasa. Rabon da ya ji sanyi a ransa haka tun kafin jan zaren nan.

Mundir ya rako shi har mota don ya rubuta kwatancen gidan. Ya sunkuya ta taga zai gaida matar gida, sai fuskarsa ta washe.

"A'a, Hajja! Ashe tare kuke? Bana kin yi sammako, arba'in ɗinki ba su isa cira ba tukuna." Ya juyo wurin Abu Basil yana murmushi. "Kawu, ka yi dacen mata. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa fashin sayen dashen tumatir a wurina ba, tun ranar da ta zo mini tana kuka, wai maigidanta na asibiti, ɓeraye sun cinye irin da ke ƙyalle."