Abincin Tanki na Bakwai

Shekara uku Dakta tana kiwon ƙwayoyin bakteriyar da aka ce roba kaɗai suke ci, amma ko lasa ba su taɓa yi ba. Ta zuba musu gorunan ruwa, ta yanka musu leda, har tsohon bokitin gidanta ta fasa musu. Su dai sai iyo suke a tanki na bakwai kamar 'ya'yan masu kuɗi. Ranar Litinin Darakta ya ce in Juma'a ta yi ba su ci komai ba, zai rufe ɗakin gwajin, ita ma ta kama gabanta.

A ranar ce kuma sarƙar wuyanta ta ɓata. Ta lu'ulu'u ce, Maigidan ya saya mata farkon aurensu, kuma shekara goma sha takwas yana yi mata gorinta. Baƙo bai isa ya tashi ba sai ya ji yadda aka ciro ta daga ƙasan teku. Ya hana ta kai ta wurin maƙerin zinariya, wai ɓarayi ne, ya hana ta matsawa kusa da murhu da ita. Da ya ji ta ɓata, har abinci ya ƙi ci, ya ce ba ta san darajar kaya ba. Dakta ta yi kuka, ta ba shi haƙuri ya fi sau goma.

Juma'a Darakta ya zo, ya leƙa tankin. Gorunan suna nan garau. Dakta ta buɗe famfo ta zubar da ruwan, zuciyarta duk ta karye.

A ƙasan tankin sai ga zare tsirara da 'yar ƙugiyar ƙarfe, da ragowar ƙwallo ɗaya duk huji. Darakta ya ɗauko, ya duba a na'ura, ya ga ƙwayoyin sun yi dafifi a kai suna ci hannu baka hannu ƙwarya. Nan take ya fasa rufe ɗakin.

"Ashe zaɓen abinci suke yi," in ji shi. "Wace irin roba ce wannan kika ba su?"

Dakta ta shafa wuyanta, ta daɗe tana kallon ƙugiyar.

"Ranka ya daɗe, bari in tambayi Maigidan a wane teku ya samo ta."