Uwar da Ta Hana 'Yarta Taɓa Kwalba

Wata uwa ce ta yi kwana da kwanaki abinci ba ya yi mata daɗi, tun ranar da ta wanke farar rigar da 'yarta ke sawa a makaranta. Yarinyar ita ce 'yarta ta fari, shekararta ta farko ke nan a jami'a, tana karatun injiniya, wai so take ta riƙa gina gadoji. Da uwar ta ɗaga rigar za ta shanya, sai ta ga gabanta duk 'yan huji-huji, kamar tartsatsin wuta ya faɗa mata. Ta tambaya, yarinyar ta yi dariya ta ce, "Umma, asid ne ya fantsamu a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ya nunawa sai an wanke. Ai saboda haka ake sa rigar." Uwar ba ta yi dariya ba. Ita dai karatunta bai wuce firamare ba, amma ta san abin da ya ci yadi ba zai ji kunyar fata ba. Kuma duk juya maganar da ta yi a ranta, ta kasa gano abin da ya haɗa mai gina gada da haɗe-haɗen ruwa a kwalba. Ranar da yarinyar za ta koma, uwar ta riƙe hannunta a soro ta ce, "Ki je ki kalla, ki rubuta, ki yi karatunki. Amma in kika ƙara kai hannu kan kwalaben nan, ban yafe miki ba." Kowa ya san nauyin wannan kalma in ta fito daga bakin uwa. Yarinyar ta ce to.

A can makarantar, biyu-biyu ake haɗa ɗalibai a teburi ɗaya, kuma aikin da aka fi ba su na haƙuri ne. Akwai wani dogon bututun gilashi a tsaye, da ɗan famfo a gindinsa. Ana cika shi da ruwan sinadari, a riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo cikin kwalbar da ke ƙasa, hannun hagu a kan famfon, na dama yana kaɗa kwalbar. Ruwan kwalbar yana nan garau kamar na randa, har sai ɗigo ɗaya ya sa shi ya yi ɗan ja-ja, kamar an ɗauraye kofin zoɓo. Nan ake tsayawa a duba yawan abin da ya zuba. In ɗigo ya wuce, aiki ya ɓaci. To, duk wannan sai yarinyar ta bar wa abokiyar aikinta. Abokiyar ce ke zubawa, ita ce ke kaɗawa, ita ce ta taɓa fasa kwalba aka yi mata faɗa. Tamu kuwa tana tsaye daga baya da biro, tana rubutu da lissafi, kuma a lissafin ba mai kama ƙafarta. Abokiyar har tsokanarta take yi: "Hajiya, wannan hannun naki na lalle ne kawai?" Sai ta yi murmushi, don ba ta iya faɗa wa kowa dalili ba. Malaminsu ɗalibai sun yi masa yawa, amsa mai kyau kawai yake gani. Uwa a gida kuwa barci ya dawo mata.

Ashe ranar jarrabawa kowa shi kaɗai yake tsayawa a teburinsa. Yarinyar ta kira uwar a waya ta roƙe ta, uwar ta ce, "Na yau kaɗai." Komai yana cikin kan yarinyar, ta ga an yi shi sau ba adadi, amma yatsunta ba su san taurin famfon ba. Ta murɗa kaɗan, ba abin da ya zubo. Ta ƙara, ya ɓalle gaba ɗaya, ruwan ya rine jawur kamar zoɓon da ba a sirka ba. Ta zubar za ta sake. Garin cika bututun cikin gaggawa, ruwan ya bi ta wuyan hannunta ya shige cikin riga, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Kafin ta gama wankewa a bakin famfon ruwa, lokaci ya cika. Jan da fatar ta yi bai jima ba ya baje. Sakamakon ne bai baje ba: ta faɗi, sai ta maimaita darasin baɗi tare da 'yan ajin da ke bayanta, abokiyar da ta yi ta zubawa kuwa ta wuce ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Yanzu hutu ya ƙare. Yarinyar ta zo ta durƙusa gaban uwar, ba fushi ba ƙorafi, ta ce, "Umma, bana ma kallon zan yi?" Tsoron uwar yana nan inda yake, don asid bai canja hali ba, kuma idon 'ya ba a sayo wani a kasuwa. Sai dai ta gani da idonta cewa hannun da ta ɓoye shi ne ya ƙone. Ku iyaye 'yan uwanta, in ku ne, me za ku ce ta yi? Ta janye kalmarta ta riƙa kwana da fargaba, ko ta riƙe ta yarinya ta yi ta tsayuwa a bayan wasu? Abin da ya riga ya faru dai Hausawa sun daɗe da ba shi suna: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.