Baƙin Gari

Ƙarar injin huda katako ce ta raba Tahiratu da barcin rana, ita da ta kwana a tsaye a wurin aikinta tana juya wata tsohuwa a gadon jinya. Ta ja ƙafa zuwa ƙaramin ɗakin da ta ba Souley haya, ta tarar da shi a durƙushe yana ɗaure wani tebur mai kauri a jikin bango.

"Pardon, Hajiya," ya ce yana share gumi. "Aikin ne ba ya son tebur mai rawa."

Ba ta tambaye shi wane aiki ba, gajiya ta hana. Souley ɗan Damagaram ne, mai shiru-shiru, yana shara a wani filin koyon harbi can New Jersey. Tun da ya shigo gidanta a unguwar Tremont, ko cokali bai taɓa bari a wurin wanke-wanke ba. Irin wannan ɗan haya ai ba a tsananta masa tambaya.

Kaɗan-kaɗan teburin ya cika. Fitila mai ƙarfi, ɗan sikeli, mazurari ɗan mitsitsi, turmin ƙarfe. Daga baya kwaɗo ya bayyana a ƙofar. Tana shara sai ta riƙa tsintar guntayen jar fata a bakin ɗakin, ga warin gam, ga yatsun Souley kullum baƙi ƙirin kamar na mai gawayi.

Wata Asabar ya fita bai kulle ba, ruwa kuma ya kece. Ta shiga don ta rufe masa taga, sai ta tsaya cak. Bokiti guda na kwanson harsashi ne a gindin teburin, an wanke su suna ƙyalli. Wasu an jera su a tsaye cikin ramukan wani katako, bakinsu a buɗe, suna jiran a cika su. A gefe ga kwalba shaƙe da baƙin gari mai laushi. Ta ɗauki kwanso ɗaya ta juya, ta ga lambobi zagaye a gindinsa da ɗan lotsawa a tsakiya. Ta san abin. Ta sha ganin irinsa a bakin titi, inda 'yan sanda suka zagaye da igiya ruwan ɗorawa.

Tsoro ya kama ta, amma abin da ya fi tsoron yawa gajiya ce. Saura kaɗan a kira ta rantsuwar zama 'yar ƙasa, daga nan ne za ta iya ɗauko Zalia, 'yarta da ta bari a Zangon Kumasi tana tatata, ga shi yanzu har ta isa aure, sai a waya suke jin juna. A masallaci kuwa kowa ya san ana sa wa Musulmi ido. Da sunanta aka kama hayar gidan. In aka samu harsashi a ciki, ita da Zalia sai dai a lahira.

Washegari ta ji shi ta bango yana waya ƙasa-ƙasa. "Akwai dalma a ciki, shi ya sa suka hana. Ki riƙa ba waɗanda kika sani kawai. A'a, Hajiya ba ta sani ba."

Dalma. Da ita ake yin harsashi, wannan ko yaro ya sani.

Duk da haka ta ba shi dama. Ta tare shi a kicin ta ce, "Souley, wannan baƙin garin da ke ɗakinka fa?"

Ya yi murmushin jin kunya, ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ki bar shi kawai. In wani ya tambaye ki, ki ce ba ki taɓa gani ba."

Da ya san abin da wannan amsa za ta jawo masa, da ya haɗiye ta. Da safe ta kira lambar nan ta kai rahoto ga 'yan sanda da ake liƙawa a cikin jirgin ƙasa, ta faɗi abin da ta gani, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki don kada a yi a gabanta.

Ta dawo ta tarar da ɗakin wayam, sai ramukan kusoshi a bango. Maƙwabcinta Abdulai ya ce da jami'ai suka zo sun samu takardun zaman ƙasa na Souley sun mutu tuntuni, suka wuce da shi. Abin da suka gano a kwalbar kuwa, babu wanda ya dawo ya gaya mata.

Ta yi rantsuwarta, ta ɗaga hannu tare da kowa, ta karɓi 'yar tutarta. Farin cikin da ta yi shekaru tana tanadi bai zo ba. Barci ya ƙaurace mata, idanunta suka yi jawur suka faɗa. Ranar da za ta ɗauki hoton da za ta aika wa Zalia, ta dubi madubi ta ce ba da wannan fuskar ba.

Ta biya shagon Abiba, mai sayar da kayan gida. "Yaya Abiba, kina da kwalli? Rabona da shi tun Kumasi."

Abiba ta leƙa ƙofa, sannan ta zura hannu ƙarƙashin kantar shagon. "Kin san mutanen health, masu duba lafiyar nan, ba su son ganinsa, wai saboda dalmar da ke ciki. Wannan ne last one. Mai niƙa mana ya ɓace, phone ɗinsa a kashe, mata sai zuwa suke suna tambaya. Yaro mai hannu, wallahi."

Ta miƙo mata ɗan tandu siriri, an naɗe shi tsaf da jar fata. Tahiratu ta juya shi a tafin hannu don ta ga ɗinkin. A gindinsa, inda fatar ba ta kai ba, tagulla na ƙyalli, da lambobi zagaye, da ɗan lotsawa a tsakiya.