Awon Sukarin Inna

Kwana takwas da binne Inna, wayata ta yi ƙara da hantsi. Saƙon manhajar nan ne da na saba gani kullum: sukarin Inna 98, lafiya lau.

Ni na saya mata na'urar awon sukari bara, na haɗa ta da wayar gida, don duk awon da aka yi a Furfuri ya iso mini Gusau. Shekara guda lambar ba ta taɓa hawa ba. Amma likita ya ce sukari ne ya cinye mata ƙoda, har muka yi musu ina nuna masa wayar. Yanzu kuma ga wadda ke kabari tana aiko da awo.

Ko ofis ban rufe ba na tari ɗan acaɓa.

Na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗakinta, na'urar tana kan cinyarsa.

"Baba, jinin wa aka auna yau?"

Ya ɗago kai.

"Uwarki tsoron allura take, ɗiyata. Ke kuma duk ranar da ba ki ga lamba ba, sai ki kira kina kuka. Na rasa wadda zan ɓata wa rai."

"To yau fa, Baba? Ai ba ta nan."

"Jiya 'yan zaman makoki suka watse. Da hantsi ya yi, hannuna da kansa ya ɗauko."

Ya buɗe mini tafukansa. Yatsu goma, babu wanda allura ba ta huda ba.