Jan Hatimin Michiyo

Injiniya Michiyo ta zauna a sahun gaba, bakinta har kunne. Yau maigidanta a wurin aiki, Kuwabara, zai bayyana wa ma'aikatan tashar nukiliya abin da ya fasa bututun ruwan sanyaya a girgizar ƙasar bara. Ita ta hango matsalar tun farko, ta rubuta gargaɗi. Da za ta tafi hutun haihuwa ya ce, "Bar mini hatiminki, 'yata, kada takardunki su yi ta jira." Ta bar masa jan hatimin da take bugawa a madadin sa hannu.

Ya rusuna, ya haska takardu biyu a bango.

"Ga zanen bututun da ya cuce mu. Ga gargaɗin da aka ƙi ji."

Ta ƙura ido. Gargaɗin da ta rubuta na ɗauke da hatiminsa, zanen da ba ita ta yi ba kuma da nata.

"Michiyo," ya ce a tausashe, "tashi ki ba mutane haƙuri."